Ranar Da Ba Ta Tsaya Ƙirga Ba

"Ka fasa ta, na ce!"

Kafinta ya dube ni, ya dubi ƙofar, ya gyara riƙon ƙarfen da ke hannunsa. "Baba, katako ne mai kyau fa. In mai gida ya zo..."

"In ya zo ka ce ni na sa ka. Ko sai na rubuto maka a takarda na sa hannu?"

A cikin ɗakin mata biyu suna ta ƙyaƙyata dariya a kan wata hula da ta fito da girman tukunya. Daga wayar maƙwabciyata muryoyin ke fitowa, cikin shirin masu saƙa da ake kira fodkas, wanda in wani ya ƙare wani ke shigowa da kansa, ba sallama ba neman izini.

A bugu na uku sakatar ta tashi. Muka sami maƙwabciyar tawa a ƙasa tsakanin kujera da ƙaramin tebur, bakinta ya karkace, hannun dama ya lanƙwashe a ƙarƙashinta kamar ba nata ba. Allurar saƙa ɗaya na kan cinyarta, curin ulu ya gangara ƙarƙashin gado. Wayar na jone da caja. Shayin safe na nan a kofi, ya yi sanyi har ya yi fata. Ƙarfe biyar na yamma ke nan.

Idonta a buɗe yake, kuma ni take kallo.

Uwar Zare muke ce mata a gidan. Tsohuwar mai buga tafireta ce, shekara shida bango ɗaya ne tsakaninmu, bangon da in ka yi tari na ɗaya gefen zai ce maka sannu. Ni kuwa shekara talatin na yi ina gyaran kurakuran marubuta a maɗaba'a, shi ya sa take kirana Malam Gyara. Da matata ta rasu na ɗauka abin da ya rage mini a duniya shi ne shiru da littattafaina. Sai ɗanta Injiniya ya aiko mata da waya, ya cika ta da matan nan biyu, ya ga ya sauke nauyin uwa.

Ban taɓa riƙe allurar saƙa ba, amma na san bambancin ulun tumaki da na roba, na san abin da ke sa wuyan riga ya saki. Ilimin dole ne, ta bango ya shigo. Na kuma san yadda take aiki. Ba ta iya ƙirga ana surutu. Duk ƙarshen layi sai ta tsayar da shirin, in ji ta tana cewa, "Arba'in da shida, arba'in da bakwai," wani lokaci ta ja tsaki ta warware, sannan matan su ci gaba daga tsakiyar dariyarsu. Minti goma ba ta wucewa ba a yi wannan tsayawar ba.

Ana gobe abin zai faru na ƙwanƙwasa mata ƙofa da littafi a hannu.

"Ki rage muryar ƙawayen nan naki. Sau uku ina karanta shafi ɗaya."

"To ka karanta na huɗu, ƙila ka gane."

"Mutum da shekarunsa ya zauna yana sauraron yadda ake ƙulla zare!"

"Kai me ka ƙulla? Na wasu kawai ka iya tsefewa." Ta ɗaga gilashinta ta dube ni. "Allah ya jiƙan matarka, Malam Gyara. Ta yi haƙuri."

Na ce mata in ta sake ganin ƙafata a ƙofarta ta canja mini suna.

Washegari shirin ya fara ƙarfe takwas. Kafin goma na lura bai tsaya ba ko sau ɗaya. Na ajiye littafi na kasa kunne. Babu ƙirga, babu tsaki. Na ce a raina gayya take yi mini. Ƙarfe biyu Injiniya ya kira ni, don ni ne agogon da ya ajiye wa uwarsa.

"Baba, Mama ba ta ɗauki waya ba. Lafiya dai?"

"Ga ta nan ta cika mana kunne," na ce.

"Alhamdulillahi. Ina cikin taro ne, a gaishe ta."

Kira na daƙiƙa ashirin. Ya sami abin da yake so ya ji, ni kuma na ba shi. Sai wajen ƙarfe biyar na kasa daurewa, na kira kafinta.

A asibiti likita ta tambayi lokacin da ta faɗi. Na ce ban sani ba. Ta ce a shanyewar ɓarin jiki sa'o'in farko su ne komai, ta rufe fayil ta wuce.

Injiniya ya iso kwana biyu bayan haka, da farin takalmi da ƙamshin turare. Ya kama hannuna da hannu biyu a gaban ma'aikatan jinya.

"Baba, ba don kai ba! Wannan shi ne ya fasa ƙofa. Maƙwabci na gari ya fi ɗan'uwa na nesa."

"Ai kai ka san nisan," na ce.

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Kafinta ma ya baza labari a layinmu, har mai shago ya fara miƙe mini in na zo wucewa. Duk wanda ya ce sannu da ƙoƙari sai in ji kamar in kwaɗa masa littafi a ka. Shekara talatin ban bar kuskure ya wuce ta gabana ba, ga shi ana buga wannan ana rarrabawa da sunana a kai.

Rana ta huɗu da la'asar Injiniya ya fita amsa waya. Na ja kujera kusa da gadon.

"Uwar Zare, kina jina?"

Ta lumshe ido ta buɗe.

"Tun ƙarfe goma na san ba ki tsaya ƙirga ba. Na sani. Ɗanki ya kira na ce kina lafiya. Fushi nake yi, na zauna har biyar."

Ta daɗe tana kallona. Ɓarin bakinta mai rai ya motsa, na sunkuya.

"Na... ji... kujerarka."

Ashe bangon ba gefe ɗaya yake kai magana ba. Sa'a tara tana kwance tana jin ina tashi ina zama.

"Shafi... nawa?"

"Ko ɗaya ban karanta ba."

"Sha... shasha."

"Na karɓa," na ce. Na buɗe baki in ce ta yafe mini, ta riga ni. Ta lalubo hannuna da hannunta na hagu, ta kama fatar bayansa ta murɗe da iya ƙarfinta. Na ɗauka za ta saki. Ba ta saki ba, sai dai yatsun suka sassauta, suka kwanta a wurin. Haka Injiniya ya dawo ya same mu, ya ce, "Kai, zumunci!"

Da na zo da safe ta riga ta cika, an fita da ita. An cire zanin gadon, an ninke katifar gida biyu. Na zauna a kujerar jiya ina duban bayan hannuna, inda wurin ya yi duhu kamar girman tsaba. Wata mai shara ta iso da bokitinta tana goge ƙasa, ta zo daidai inda nake ta tsaya.

"Baba, ɗaga ƙafa."

Na ɗaga. Ta goge ƙarƙashin kujerar ta wuce gado na gaba, ni kuwa ƙafafuna na nan a sama, ina jiran wurin ya bushe.