Hannun Hagun Murja

Ranar da Bara'atu ta raka ɗiyarta Murja gidan malamar fiyano, ba kiɗa ta je ji ba, faɗa ta je yi. Mijinta Alhaji Attahiru, dillalin shanu, ya yanke magana tun da safe. Tun bayan Babbar Sallah yarinya take zirga-zirga daga unguwar Minanata zuwa Arkilla, an saya mata ƙaramin fiyano na lantarki, amma har yau abin da ake ji a gida bai wuce ƙin-ƙin-ƙin da yatsu biyar ba. In yau ba a ga abin kirki ba, an rufe zancen, a mayar da abin kasuwa.

Murja, 'yar shekara goma sha ɗaya, ta ji hukuncin da kunnenta. Bara'atu ta san yarinyar na son abin nan kamar ranta, wannan ma shi ya ƙara mata haushi, don a ganinta malamar ce ke jan ƙafa. Iyaye ke nan, a kai yaro yau, jibi a ce ina waƙa.

Malama Wasila, mai koyar da kiɗa a makarantar su Murja, ta tarbe su a falo ta kawo ruwa. Bara'atu ko kallon kofin ba ta yi ba.

"Malama, ni ban iya ɓoye-ɓoye ba. Mi kika koya ma ɗiyag ga? Kullum hannu guda, sauti guda, kamar mai kiran kaji."

"Hajiya, farkon koyo haka shike," in ji Wasila. "Sai yatsu sun san mazauninsu kahin a yi zancen waƙa. Amma Murja ta wuce nan tuni. Da hannu biyu taka kiɗi, kuma na hagun ya hi ƙwari."

"Hannu biyu? A gidana ban taɓa gani ba."

"To ki gani yanzu. Murja, taho."

Murja ta zauna gaban fiyanon. Ta ɗora hannun dama a kan madannai, na hagu kuwa yana cikin hijabi, ya ƙi fitowa. Malama ta ƙidaya mata bugu, Murja ta soma, waƙar ta fito rabi, ta tsaya. Aka sake, ta sake tsayawa a daidai wurin. Zufa ta keto mata a goshi, alhali fanka na juyawa.

"Hiddo hannun mana," Wasila ta ce a hankali. "Jiya-jiyan nan kin yi ta har ƙarshe."

Yarinya ta saci kallon uwarta, ta sunkuyar da kai. Bara'atu ta ji ranta ya ɓaci. Ga malama tana kallo, ga Alhaji yana jiran amsa, ga 'yar banza ta zaɓi yau ta yi taurin kai. Ta miƙe ta nufe ta, da niyyar ta kamo hannun ta ɗora mata a kan madannan da kanta.

Ko taɓa ta ba ta yi ba, Murja ta zabura ta cusa hannun a hammata, ta kare kanta da ɗayan.

"Inna, ki yi haƙuri! Wallahi a gida ban taɓa sa shi ba!"

Bara'atu ta tsaya da hannu a miƙe, sai yanzu ta gane. Murja bahaguwa aka haife ta. Da dangi suka fara surutu, ita ce ta tsaya a kanta: bayan ludayi in ta ɗauki loma da hagu, ɗankwali a ɗaure hannun in ta ɗauki fensir. Har alfahari take yi wajen biki cewa ta miƙar da ita. Ita ci da rubutu da karɓar abu daga manya take nufi, amma yaro bai san inda doka ta tsaya ba. Kunya ta rufe ta, tausayi kuma ya fi kunyar ciwo.

"Murja, na yarda. Ki sa shi," in ji Bara'atu.

Yarinyar ta fito da hannun. Ya danna madannai biyu tare, ya koma cikin hijabi.

Wasila ta matso kusa ta rage murya. "Hajiya, don Allah ki ɗan ba mu wuri."

A wata rana daban, da wannan magana ta jawo tashin hankali. Yau kuwa Bara'atu ta ɗauki jakarta ta fita baranda, aka turo ƙofa.

Shiru ya yi tsawo har ta fidda rai. Can sai ta ji sauti mai kauri na hannun hagu ya taso daga ƙasa, a tsorace da farko, sannan ya daidaita, na dama ya hau kansa, waƙa ta tafi ba tuntuɓe. Ashe haka ɗiyarta ta iya. Alhaji ba zai sayar da komai ba, wannan ta ɗaukar wa kanta.

Ta kai hannu ga mariƙin ƙofa, tana so ta ga yatsun da idonta. Sai ta janye, don ta san tana shiga kiɗan zai tsaya.