Ƙaho a Bariki

Labbo wanzami yana tsakiyar yi wa wani dattijo aski a Tourou, gefen Parakou, sai motar soja ta ci birki a gabansa. A shekarun mulkin jam'iyya ɗaya, wanda motar nan ta tsaya masa, iyalinsa kan fara kuka tun bai hau ba. Ya bar dattijon da rabin kai, ya ɗauki zabirarsa, ya hau motar.

A bariki wani kyaftin ya tarbe shi da fara'a. Ya ce za a saki fursunonin siyasa, kuma umarni ya zo daga sama: sojan da tambayoyi kawai ya yi, babu mai tuhumarsa. Wanda aka ga shaidar azaba a jikin fursunansa, shi zai amsa.

"To ka gani, ɗan'uwa, fursunonin nan mataccen jini ya yi musu yawa," in ji kyaftin. "Ƙaho za ka yi musu. Inda na nuna, nan za ka tsaga."

Inda ya nuna kuwa tabon wutar sigari ne da na dukan wayar lantarki. Labbo ya gane sarai. Amma bindiga na jingine a bakin ƙofa, shi kuma ba jarumi ba ne, ko karen maƙwabta kewaye shi yake yi. Ya kafa ƙaho, ya zuƙa, ya tsaga, har tabon soja ya ɓace a ƙarƙashin nasa.

Na ƙarshe da aka kwantar masa ya juyo da kai. Iliassou ne, ɗalibi, ɗan Hadjo mai goro ta Djougou. Labbo ne ya yi masa askin suna.

"Baba Labbo, kai ne?"

Labbo ya kau da kai, ya yi aikinsa.

Da zai fita, kyaftin ya dafa masa kafaɗa. "In an tambayi wanda ya yanke su, kai ne. Mu ba mu iya aska ba."

Zaman Parakou ya gagare shi. Ya shiga taksi ya gudu Djougou wurin ƙanwarsa, ya daina fita da zabira. Duk ƙarar motar da ya ji, sai ya miƙe tsaye.

Wata ranar kasuwa ya ga cincirindon mutane kusa da masu goro. Iliassou ne tsaye kan benci, an sako shi, ya rame kamar kara. Ya cire riga ya juya wa jama'a baya.

"Ku duba abin da suka yi mana a bariki!"

Can wani tsoho ya matsa, ya ƙura ido, ya ce, "Haba, yaro, ai wannan ƙaho ne."

Wasu suka fara dariya. Iliassou ya waiwaya a ruɗe, idonsa ya faɗa kan Labbo, fuskarsa ta washe.

"Ga shi nan! Baba, kai ka ga abin da ke ƙasa kafin ka tsaga. Faɗa musu!"

Kowa ya juyo. Hadjo ta miƙe daga bakin kwandonta. A bayanta wakilin jam'iyya na unguwa ya naɗe hannu yana saurare. Labbo ya dubi wakilin, ya sunkuyar da kai.

"Ƙaho ne," ya ce. "Ni na yi masa."

Jama'a suka watse. Hadjo ta tsinci rigar daga ƙasa, ta kakkaɓe, ta rufe wa ɗanta baya.