Makin Jirgin Baba

Ranar wata Asabar ce a ƙarshen Satumba, tun bayan sallar asuba ake ruwa, irin mai sauka a hankali ya hana kowa fita. A ranar aka raba gadon mahaifinmu, wata bakwai da rasuwarsa. Muna zaune a falonsa. Inna na bakin ƙofa, ƙanwata Ummi a gefenta, Yaya Ashiru ya ɗora jakar takardu a cinya. Bappa Yelwa, ƙanen Baba, shi ke rabon, ga shaidu biyu daga masallacin unguwa.

Baba ɗan kasuwar yadi ne a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi. Ya fi shekara goma yana zuwa Dubai saro kaya, kullum a jirgin kamfani ɗaya. Ni kuwa tun aji huɗu na sakandare na ajiye karatu. Na yi cajin waya, na sayar da turare, na kai saƙo da babur, babu sana'ar da na shekara a kanta. Kowa a gidan ya san abin da ke raina, wato in bar Bauchi.

Da aka gama lissafi, babban abin da ke cikin rabona shi ne filin Baba na Gubi, kusa da jami'a, wanda aka yi wa kuɗi miliyan biyar da rabi. Rabon Yaya Ashiru kuwa shago ne da kayan ciki, sai wani abu da ya rubuta da hannunsa: maki dubu ɗari da arba'in.

Bappa ya gyara tabarau. "Wannan makin fa, Ashiru? Ci ake yi ko sawa?"

Aka yi dariya. Yaya ya ce duk hawan da Baba ya yi, kamfanin jirgin na rubuta masa maki, kuma da makin ake karɓar tikiti. Ya buɗe shafin kamfanin a waya ya miƙa wa Bappa. Ga shi nan ƙarara, suna sayar da maki dubu a kan naira dubu arba'in. Aka buga, ya tashi miliyan biyar da dubu ɗari shida. Bappa ya rubuta.

Sai Yaya ya juyo gare ni.

"Mansir, ni ina zan je? Ga shago ga iyali. Kai ne ƙafarka ba ta zama. In kana so mu yi musaya, ka ɗauki makin ka bar mini filin. Dubu ɗarin da ke kai ma na yafe maka."

Ummi ta taɓa ni. "Yaya Mansir, fili fa ba ya tashi sama."

Na ce, "Ai shi ne aibinsa."

Sau biyu Bappa ya tambaye ni ko na amince. Na sa hannu, shaidu suka sa. Yaya ya ba ni katin makin Baba mai ruwan azurfa. A makon na sayar da babur ɗina, na yi fasfo, na sayi akwati.

Mako uku bayan nan na je wani ofishin sayar da tikiti a GRA, wurin Madam Juliana, mutuniyar Bogoro da ta daɗe tana yanka wa Baba tikiti. Ta yi mini gaisuwar rasuwa, ta ba ni kujera. Na ajiye katin a kan teburinta na ce Dubai nake so, ragowar makin kuma a juya mini shi kuɗi.

Ba ta ko taɓa katin ba.

"Ɗana, wa ya ce maka ana juya shi kuɗi?"

Na nuna mata shafin a wayata.

"Wannan farashin da suke sayar maka ne. Su ba sa saya a hannunka, ko kobo. Tsaya ka ji. Da makin nan na aiki, tikiti biyu zai ba ka, zuwa da dawowa. Amma kowanne sai ka biya haraji da kuɗin mai, dubu ɗari bakwai. Tikitin kuwa in ka saya da kuɗinka miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ne. Ka ga duka abin da zai rage maka miliyan ɗaya ne, ba biyar ba."

Na ce to, a ba ni ɗaya.

"Na ce da yana aiki. A dokar wannan kamfanin, in mai kati ya mutu, wata shida magada ke da shi su kawo takardar kotu a mayar musu. Alhaji ya rasu a Fabrairu. Tun Agusta aka share makin." Ta dube ni da kyau. "Yayanka bai gaya maka ba? A kujerar nan ya zauna cikin Afrilu. Duk na yi masa wannan lissafin, har ranar ƙarshen na rubuta masa a takarda."

Sai na tuna yadda Inna ta yi ta neman a raba gadon tun bayan ta fita takaba, shi kuma yana cewa a bari ya gama ƙirga kayan shago.

Na hau keke zuwa Muda Lawal. Na sami Yaya yana auna wa wata mata shadda. Na jira ta tafi.

"Yaya, daga wurin Madam Juliana nake."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da naɗe yadin.

"Ka sani tun Afrilu."

"Ni na riƙe maka hannu ka sa? Sau nawa Bappa ya tambaye ka?"

"Ai kai na yarda da kai, ba takardar ba."

"Mansir, mu daina yaudarar juna. Filin nan da a hannunka yake, wata biyu zai yi? Ina jarin turaren da Baba ya ba ka? Ina na cajin waya? Gara ya tsaya a hannun wanda zai amfani gida."

Maƙwabtan shago suka fara leƙe. Na wuce Gubi kai tsaye. Na tarar an zube bulo da yashi a filin, magina na haƙa tushe. Mai gadin wurin ya ce wani ne ya saya miliyan bakwai, ɗakunan ɗalibai zai gina.

Bappa Yelwa da ya ji, sai da ya cire hula ya ajiye a ƙasa. Ya ce wannan ha'inci ne, alƙali zai iya warware shi, kuma shi da kansa zai tsaya mini shaida. Muka shiga wurin Inna. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta riƙe bakin rigata.

"Ku biyu ne maza a gidan nan. Kada ka kai sunan mahaifinku kotu, Mansir. Ka bari sai bayan raina."

Na ce mata to.

Abin da na rasa ke nan: fili ɗaya a Gubi, ƙafa ɗari tsawo ƙafa ɗari faɗi. Babur ɗaya. Naira dubu ɗari da ashirin na fasfo da akwati. Maki dubu ɗari da arba'in, waɗanda tun kafin a ba ni babu su. Da yaya ɗaya.