Baba a Saman Mota

Kafinta yana cikin goge murfin durowa da samfefa sai ga wayar ƙanwarsa Auta, ko gaisuwa babu.

"Yaya, fim ɗin Baba ba ya nan."

"Ba ya ina?"

"Ba ya cikin talabijin ɗin mana! Inna ta ce a sa mata, na duba sama da ƙasa, ko alamarsa babu."

Ya hure ƙurar katako daga hannunsa, ya ce ta kashe ta sake kunnawa. Ta ce ta yi. Ya ce ta zare wayar wutar. Ta ce ita ma ta zare, ya daina mayar da ita yarinya.

Kada wani ya ɗauka mahaifin nasu ɗan wasa ne. Ina! Direban babbar mota ne, Allah ya jiƙansa, mutumin da ko hoto aka zo ɗauka sai ya tuna yana da uzuri a waje. Wata rana masu shirya fim suka je tasha ɗaukar wani sashe, shi kuwa yana can saman mota yana ɗaure lodi da igiya, na'urar ɗaukar hoton ta haɗa da shi bai sani ba. Ɗan lokacin bai wuce a sha kofin ruwa ba. Amma a duk duniya nan ne kaɗai ake ganinsa yana motsi. Ga shi gobe da safe za a yi wa Inna aikin ido. Ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan kuma yanar ido ta rufe shi, likita kuma ya ƙi yin alkawarin komai. Abu ɗaya ta roƙa kafin a kwantar da ita: ta ga babansu.

Da can a faifai suke kallonsa, har ya fara tsalle yana maƙalewa. Bara Kafinta ya ga ana sayar da fim ɗin a manhajar talabijin, Auta ta kwafo sunan daga kwalin faifan, shi kuma ya danna inda aka rubuta a saya, ya biya. Ranar har da jawabi ya yi. Ya ce an gama da ƙarce, an gama da ƙura, wannan namu ne har jikoki. Da suka tashi daga tsohon gida, shi da hannunsa ya jefa faifan da kwalinsa cikin tarkacen da aka zubar.

Ya rufe shago da rana tsaka ya nufi gida. Ya tarar da Inna ta ja kujerarta gaban talabijin, hannuwa a kan cinya, tana jira.

"An gyara?"

"Yanzun nan, Inna. Sabis ne."

Ya shige kicin ya kira lambar kamfanin. Wata na'ura ta yi ta aika shi daga wannan lamba zuwa waccan, aka sa masa kiɗa har kunnensa ya yi zafi, kafin wata mata mai sanyin murya ta ɗauka. Ta ba shi haƙuri tun bai faɗi damuwarsa ba, sannan ta tambayi sunan fim ɗin.

"Fim ɗin Baba," in ji shi.

"Haka sunansa yake?"

Ya leƙa falo ya yafito Auta. Ta ce ita kwafa kawai ta yi, wa zai riƙe? Wallahi abin kunya, shekara da shekaru suna kallon fim, babu wanda ya san sunansa a gidan. Ba su taɓa ganin farkonsa ba, balle ƙarshensa. Da an kunna sai a zarce wajen tasha, a kalli Baba, a mayar, a sake kallo, a kashe. Wa ya auri wa, wa ya mutu, oho.

"Akwai wata mai gudu da akwati," ya ce wa matar. "Da babbar mota a bayanta."

Ta ce bari ta duba ta kan asusunsa. Aka sake sa masa kiɗan. Da ta dawo sai ta ce lallai akwai abin da ya saya bara, amma yarjejeniyarsu da masu fim ɗin ta ƙare, an janye shi, har sunan ba ya fitowa a nata allon.

"To ai ni na saya."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Izinin kallo ka saya."

"Haya ke nan?"

"A'a, haya daban take. Kai saya ka yi."

"To ina abin da na saya?"

"An janye shi."

Kafinta ya dafe kai. Shi fa a saninsa, in ya ƙera wa mutum kujera ya biya, ko mai katako ya ɓata da shi ba zai bi dare ya je ya ɗauke ta daga ƙarƙashin mai ita ba. Ya faɗa mata haka. Ta ce ta fahimci yadda yake ji, kuma akwai wasu finafinai masu manyan motoci da za ta iya nuna masa. Ya kashe wayar kafin bakinsa ya ja masa.

Mai Aski na bakin layi ne ya cece shi, mutumin da ba ya iya aske rabin kai sai ya ba ka labarin fim guda. Kafinta ya kwatanta masa: tasha, akwati, mace tana gudu, takalminta ɗaya ya cire.

"Kai, Malam, ka ce wannan!" Ya faɗi sunan kamar na ɗan'uwansa. "Ai ya koma wani kamfanin. Sun wanke shi tas, sabo fil, sai ka rantse jiya aka ɗauka."

Sauran yinin a rajista ya ƙare. Sabuwar manhaja, sabuwar kalmar sirri, wai ta yi gajarta, wai sai da babban baƙi, wai sai da alama. Lambar tabbatarwa ta tafi wayar Auta, wayar kuma ba caji. Inna dai tana zaune, lokaci-lokaci ta ce, "Sannunku da ƙoƙari." Wannan sannun ta fi zagi ciwo a wajensa.

Rana ta yi sanyi fim ɗin ya buɗe. Gaskiyar Mai Aski, hoton ya fito garau, ya cika allon daga wannan gefe zuwa wancan, ba kamar da ba da yake tsayawa a tsakiya da baƙi a gefuna. Kafinta ya zarce da shi. Ga tasha. Ga mai akwati. Ga motar.

Sai ya ga abin da aka yi. Don hoton ya cika faɗin allo, an datse samansa da ƙasansa. Motar tana nan, lodin yana nan, igiya tana motsi. Baba kuwa daga gwiwa zuwa ƙasa kawai ya rage.

Ya mayar baya. Haka. Ya danna duk maɓallin da ke jikin rimot, hoton ya matse, ya buɗe, bai ƙara ko ɗan yatsa ba. Har ya tsinci kansa ya durƙusa yana leƙa allon ta ƙasa, wai ko sauran yana ɓoye a bayan firam. Auta ta toshe baki ta juya wa allon baya.

"Tsaya nan," in ji Inna. Ta matso har numfashinta yana taɓa gilashin. Fuskarta ta washe. "Ga shi can. Ku dubi hular nan tasa, kullum a karkace. Na yi magana har na gaji."

Kafinta ya dubi allon, ya dubi idonta. Ashe ta daɗe ba ta ganin komai a wurin, su ne ba su lura ba. Tausayinta ya cika shi.

"Ka gan shi kuwa?" ta tambaya.

"Na gan shi, Inna."

"To mayar mini, in ƙara gani."