Ziyarar Aiki a Ɗakin Malama Wahala

Doguwar cikin ɗaliban ce ta fara gudu. Sista tana ɗaga audugar da ke manne a gyambon bayan Malama, warin ya taso ya cika ɗakin, sai yarinyar ta toshe baki da hannun rigar makaranta ta bangaje ƙofa. Muka jiyo ta tana amai a bakin famfon tsakar gida.

"Kar kowa ya bi ta," in ji Malama. Fuskarta na kallon bango, don a gefenta aka juya ta. "Ta samu amsarta. Wasu sai sun kai tsakiyar jami'a suke samun irinta."

Ni ina bakin ƙofa riƙe da robar ruwan ɗumi, aikin da aka ga ya dace da digirina. Ɗalibai uku ne suka zo ranar, duk 'yan ajin ƙarshe, duk sun ce aikin jinya suke so. Ta biyu ba ta gudu ba, amma ta zame ta zauna a ƙasa, ta ƙura wa silin ido kamar an rubuta mata wani abu a can. Ta uku ita ce Auta, 'yata. Ita na zo kallo. Jira nake ta bi sahun doguwar, mu koma gida mu yi maganar karatun lauya kamar mutanen kirki.

Auta ta matsa kusa da gadon. Ta ce, "Sista, in riƙe miki fitilar?"

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Malama. Ita ce mai ba ɗalibai shawarar sana'a a sakandaren da ke ƙarshen layinmu. Ofishinta, kafin a ba ta, ma'ajiyar tsintsiya ne, kuma ba a kwashe tsintsiyoyin duka ba. A tunanina irin wannan muƙami ana ba wa malamin da ba a san yadda za a yi da shi ba ne: ya tara yara sau ɗaya a shekara, ya gayyato likita mai sheƙi da injiniya mai tumbi, a tafa, a watse.

Malama ba ta gayyatar kowa. Ba ta kuma tambayar yaro me yake so ya zama. Ta ce wannan tambayar ko jariri zai amsa ta, kuma ƙarya zai yi. Tambayarta ɗaya ce: "Wace wahala za ka iya ɗauka?" Daga nan yara suka sa mata Malama Wahala, ita kuma ta karɓi sunan har tana amsawa a bainar jama'a.

Ga yadda take aikinta. Yaro ya ce lauya zai zama, sai ta kai shi kotu ranar da ta san za a ɗage shari'a, ya wuni a benci cikin zafi, alƙali ya shigo ya faɗi jimla guda ya fita. Yarinya ta ce 'yar jarida, sai ta ba ta jawabin wani shugaban ƙungiya da aka naɗa a kaset, ta ce ta rubuta shi kalma-kalma. Mai son girki a manyan otal, tukwanen bayan biki ake nuna masa. Mai son koyarwa, a jibge masa takardun jarrabawar aji guda, dukansu amsa iri ɗaya, duk ba daidai ba. "Kowane aiki yana da hoton da ake mannawa a bango," in ji ta, "yana kuma da bayan gida. Ni bayan gidan nake kai su."

Na taɓa ce mata ta kan katanga, "Malama, ke kaɗai ce na sani da ake biya don ta kashe wa yara buri."

Ta ce, "Barista, wanda ya mutu a wuni ɗaya dama ba buri ba ne."

Barista take ce mini don tsokana. Na karanta lauya, amma aikina buga hatimi ne a kamfanin inshora, cikin sanyin na'ura. Ba na ƙorafi. Kujerar tana juyawa.

Da ciwon daji ya kwantar da ita, asibiti suka sallamo ta gida da irin ladabin nan da likitoci ke yi idan sun gama abin da suka iya. Wata nas mai zagaya gidajen marasa lafiya take zuwa kullum, ita ce Sista, tsohuwar ɗalibarta ce. Abin da ya dami Malama bai wuce guda ba: akwai yara uku da ta yi wa alkawarin kai su ɗakin marasa lafiya, ga shi ba ta iya taka ƙafa. Bayan kwana biyu ta aika wa shugabar makaranta cewa a turo su. Ɗakin marasa lafiyar ya zo gida da kansa.

Ƙanwarta, wadda ke kwana da ita, ta yi kuka ta ce wannan tonon asiri ne. Malama ta ce, "Jikin nan ba abin da ya rage masa sai amfani ɗaya. Bar ni in more shi."

Biyun ba su dawo ba. Doguwar, na ji, ta koma maganar zanen gidaje, kuma tana murna. Auta kuwa kullum daga makaranta sai gidan Malama, ko jaka ba ta ajiyewa. Ta koyi juya mara lafiya ba tare da ta ja fatarsa ba. Ta koyi canja zanin gado da mutum a kai. Ta koyi fitar da fo, ita da ko kwanon da ta ci abinci sai na yi jawabi take ɗaukewa.

Wata ranar hutu na faki idon kowa na shiga. Labule a sake, fanka na juyawa a hankali, kwalaben magani jere a kan tebur inda da littattafai suke. Malama ta ƙanƙance, kamar an wanke ta da ruwan zafi.

Na ce, "Malama, alfarma na zo nema."

"In ce mata ta bari."

"Maganarki take ji. Yarinyar nan tana da ƙwaƙwalwa. Ba don ta wuni tana share bayan mutane na yi ta fama da ita ba."

"Nawa bayan take sharewa, Barista. Ki faɗa kai tsaye, ba na jin haushi, ƙarfin ya ƙare."

Na ji kunya, amma ba ta kai ta hana ni ci gaba ba. "Ki ce mata ba ta dace ba. Kalma ɗaya."

"Tun da na fara aikin nan ban taɓa ce wa yaro zama kaza ko kar ka zama kaza ba. Sai yanzu, da ƙafa ɗaya a waje, zan fara?" Ta ɗan huta, numfashinta na ƙara kamar ana jan kujera. "Kuma kwantar da hankalinki. Ba ta yanke shawara ba tukuna. Ba ki ga farcenta ba?"

Na gani mana. Auta ta daɗe tana tara farce, dogaye, tana goge su tana kallonsu a haske kamar wata dukiya. Makaranta ta hana, ita kuma ta ƙware wajen naɗe hannu a bayan baya. Sista ta yi magana har ta gaji.

"Ƙanwata, farcen nan zai huda safar hannu, ya yagi fatar mutum. Nas ba ta tara farce."

"Ai ziyara ce kawai, Sista. Ina kula."

"Ziyarar da ta ƙi ƙarewa. Ko baƙon da ya zo da katifarsa ya fi ki niyyar tafiya."

Malama daga kan gado ta ce, "Ƙyale ta. Ke ba 'yar jarida kika ce mini za ki zama ba?"

"Malama, jawabin nan da kika ba ni, har yau in na ji an ce 'jama'a barkanmu da warhaka' sai kaina ya sara."

Dariyar Malama ta koma tari, Auta ta tallafo ta, da tafin hannu, yatsu a miƙe don kar farcen ya taɓa ta.

Ina nan wata rana da la'asar Auta ta kasa haƙuri. Tana shafa wa Malama mai a diddige, ta ce, "Malama, na jure wari. Na jure jini. Ban gudu ba. Yanzu na dace ko?"

"Wari?" in ji Malama. "Wari ai hanci ne, yana sabawa. Wahalar aikin nan saura guda. Ita ce babbar. Ba sai an kai ki asibiti ba, ni zan nuna miki."

"Yaushe?"

"Ina kan shiri. Kar ki matsa mini."

Auta ta yi dariya. Ni ban yi ba. Na dubi matar nan da ba ta iya ɗaga kofi da kanta, tana tsara darasi da abin da ya rage mata.

Ranar Juma'a ce, da rana tsaka. A layi mai gyaran babur yana ta murza wani inji da ya ƙi tashi. Ƙanwar Malama ta leƙo ta katanga ta ce in zo. Na tarar Auta ta riga ni, da rigar makaranta. A makon nan gyambon bayan ya fara haɗewa, Auta na ta alfahari da shi, don ita ke juya Malama a kan lokaci, ita ke tsane wurin. Ranar ma ta yi komai yadda aka koya mata. Ta gyara matashi. Ta jiƙa auduga tana taɓa mata leɓe.

Malama ta buɗe ido ta dube ta. Ta ce, "Kina kallo?"

"Ina kallo, Malama."

"To."

Numfashin ya riƙa nisa da juna, kamar mai hawa bene yana tsayawa a kowane mataki. Ana cikin jiran na gaba, bai zo ba. Injin babur ɗin ya tashi a waje, wani ya yi ihun murna.

Sista ta taɓa wuyanta, ta jira, ta rufe mata ido. Ta kashe ƙarin ruwan. Ƙanwar ta durƙushe a gefen gado.

Auta ta ce, "Amma ciwon ya fara haɗewa." Ta dubi Sista, ta dube ni. "Mama, wallahi ya fara haɗewa. Sista, nuna mata. Ban tsallake ko sau ɗaya ba."

"Ba ki tsallake ba," in ji Sista. Hawaye na zuba a fuskarta, amma hannuwanta na naɗe robar ƙarin ruwa. Ta fita famfo ta wanke hannu har gwiwa, ta dawo ta zuge jakarta.

"Ina za ki?" in ji Auta.

"Layin baya. Akwai tsohuwa mai ciwon suga, lokacin allurarta ya yi."

"Yanzu? Malama fa ta... yanzu-yanzu?"

"Ita tsohuwar tana da rai, ƙanwata, kuma ba ta san Malama ba." Ta rataya jakar. A bakin ƙofa ta juyo. "Malama ta ce in gaya miki, gobe da safe ta nan zan bi, za a wanke wa tsohuwar ƙafa. Ba ta ce ki zo ba. Ba ta ce kar ki zo ba."

Kafin yamma layinmu ya cika da tsofaffin ɗalibanta. Na ga mai ɗinki, na ga matuƙin jirgi, na ga wani alƙali da ya tsaya a rana ba wanda ya ba shi kujera. Suna ta tambayar juna, "Kai ina ta kai ka?" Kowa na ba da labarin wunin da ya fi kowane muni a ƙuruciyarsa, yana share ido.

Auta ba ta fito ba. Ta kulle kanta a ɗaki, ta ƙi abinci. Na tsaya a ƙofar ina jin kukanta, na ce a raina to, shi ke nan, na yi nasara, za a yi lauya a gidan nan. Ban taɓa samun nasarar da ta yi mini ɗaci haka ba.

Da safe na fito zan share ƙofar gida, na same ta zaune a dakali. Idanunta sun kumbura, ta sa takalmin makaranta ko da yake Asabar ce. Ta shimfiɗa tsohuwar jarida a cinya, abin yankan farce a hannunta. Ta gama da hannun hagu, gajeru ƙwarai, har naman ya fito ja. Na dama ne ya gagare ta. Abin yana ta zamewa daga hagunta.

Ba ta ɗago ba. Na jingine tsintsiyar, na zauna kusa da ita, na karɓi abin, na kama babban yatsanta.

"Kar ki yanke ni, Mama."

"Tsaya cak mana."

Tagar ɗakin Malama a buɗe take, an cire labulen, katifar na jingine a rana. Can ƙarshen layi farar rigar Sista ta ɓullo, jaka a kafaɗa, tana tafe ba sauri. Saura yatsu huɗu. Farcen na faɗawa kan jaridar ɗaya bayan ɗaya, da ɗan sauti kaɗan.