Gawon da Aka Sare

A garinmu, gabas da Tchaké, akwai wani kwari da ya ratsa bayan gidaje. Ba a gini a cikinsa, ko akuya ba a ɗaurewa. Kowace bazara akan yi gayya a share shi. A bakinsa akwai tsohon gawo, wanda gidan su Na Allah suke tsaga wa alamar inda ruwan kwarin ya kai duk shekarar da ya yi yawa. Tsaga ta sama ta wuce kaina.

Sai fari ya zo, shekara goma kwarin bai ga ruwa ba. Soja suka hau mulki, aka kawo furoje, wato aikin raya ƙasa, na gina magazar ajiye hatsin agaji. Injiniya ya duba takardarsa, ya zaɓi kwarin, don nan ne fili ya fi shimfiɗuwa.

Ni ne mushen lakwal, wato malamin makaranta, ni na iya faransanci. Na Allah da kansa ya zo gidana, ya ci tuwon matata Rakiya, ya roƙe ni in faɗa wa kumandan da ke mulkin yankinmu cewa kwarin hanyar ruwa ne. Na faɗa, a gaban gari duka. Kumandan ya tambaya ko akwai dattijon da zai shaida. Na nuna Na Allah.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, zancen mutanen da ne. Mushe karatu ya yi masa yawa."

Aka yi dariya. Daga baya na ji ashe an riga an yi masa alkawarin gadin magazar. Aka sare gawon, aka zuba siminti.

Shekara ta uku, ranar wata Lahadi da hantsi, ina Tasawa neman maganin Rakiya, ruwan ya dawo. Ya tarar da bangon magazar a hanyarsa, ya juya cikin unguwarmu. Rakiya na kwance, ba ta iya tashi. Ɗakin ya rufta. Magaza kuwa ko buhu ɗaya bai jiƙe ba, an yaba wa injiniya.

Na Allah ya zo ta'aziyya da hular gadi a hannu. Ya zauna kusa da ni, ya ce a hankali, "Mushe, ai ruwa ba ya mance hanyarsa."

Na ce, "Na sani, Baba. Kai ka koya mini."

Yanzu masu furoje na zuwa da littafi suna tambayar ilimin mutanen gari. Gidan Na Allah nake nuna musu.