Tsinken Bunu a Cikin Nono

…amma ai ya kaɗa nonon. Da idonta Onora ta gani. Manus ya jingine mashinsa a bakin ƙofa, ya karɓi sandar kaɗi daga hannunta, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Duk wanda ya shigo gida ana kaɗa nono sai ya sa hannu, in ba haka ba ya tafi da albarkar man. Ko limamin coci bai isa ya ƙi ba. To mutumin da ya tsaya tsare maka albarkar man shanu, shi ne zai ƙona maka gida?

Tana tsaye a waje yanzu. Dusar ƙanƙara na sauka a hankali kamar ana tankaɗe. Babu takalmi a ƙafarta, 'yan tawayen da suka zo da Manus sun cire, sun haɗa da barguna da tukwane, ga saniyarta can ana ja tana waiwaye. Ba ta jin sanyi. Barci ma take ji.

Giles yana cikin rufi.

Kada ki ɗaga ido — kada. Mijinta yana kwance cikin bunu tun hantsi, da tarin nan nasa da ba ya jin rarrashi, shi ya sa ta hau kaɗi da ƙarfi, ƙara ta rufe ƙara. Masaƙi ne daga Ingila, har yau bai iya kiran sunanta daidai ba. Gonar dai ta uban Manus ce, kowa ya sani. Shi Giles ya zo ya tarar mutanen ƙasarsu sun ƙwace, an ce masa zauna. Wa zai tsaya jin wannan da mashi a hannu?

Cinyar Inna… ita a dama, Manus a hagu, ɗan goyo mai cizo. Nono ɗaya suka sha, ko da yake ba ciki ɗaya suka fito ba. Inna tana dangwarar goshinsa tana dariya, ƙamshin hayaƙi a mayafinta…

"Yaya, ina Baturen naki?" in ji Manus ɗazu, yana cikin kaɗi.

"Ya tafi garin Armagh kai saƙa."

"Cikin wannan sanyi? Ashe yana da jini a jika. To, Allah ya sa albarka a aiki."

Sai tsinke ya faɗo daga rufi. Tsinken bunu guda, yana juyi, yana juyi, ya sauka cikin nonon. Manus ya sa yatsu biyu ya cire, ya ɗora mata a tafin hannu, ya naɗe mata yatsunta a kai. Bai dubi sama ba. Wane ne tsinke zai faɗo gabansa bai dubi sama ba, in ba wanda ya riga ya sani ba?

Babbansu, wani baƙon fuska, ya ce a sa wuta. Ba a fitar da wuta daga gidan da ake kaɗi, Manus ya san wannan ma, Inna ce ta koya musu. Ga shi ya fito da garwashi a awartaki, daga murhunta, wutar da ta rufe da toka jiya da addu'a.

In ta yi magana, sukar mashi. Ta ga abin da suka yi wa mai niƙa a bakin gada. In ta yi shiru…

Manus ya wuce ƙofa. Yana tafiya kamar mai tafiya cikin ruwa, can ƙarshen gida, wajen garke, inda bunu ya jiƙe. Nesa da Giles. Lokaci yake ba shi? Ko kuwa daga can iska ke tasowa? Tana son yaron nan, wallahi tana son sa, kuma ba ta san shi ba.

Iska — ina iska ta dosa? Ta buɗe hannu don tsinken ya tashi ya nuna mata.

Bai tashi ba. Ya manne a tafinta, da maiƙo, rawaya-rawaya. Ashe man ya haɗu. Albarkar ba ta bar gidan ba.

Manus ya ɗaga awartaki. Bakinta a buɗe yake, ƙanƙara na narkewa a harshenta, ba ta san sunan wa za ta kira ba…